Jinjina ga Ɗaliban Gwajin Koyarwa

Tun kafin a kafa jami'ar jihar Jigawa a Kafin Hausa a 2013, wadda yau ake kira Jami'ar Sule Lamido, akwai masu cewa boko na raba yaro da mutanensa. To, su zo su ga ɗaliban tsangayar ilimi ta wannan jami'a lokacin gwajin koyarwa. Ga su nan a makarantun sakandare, alli ya ɓata musu hannun riga, murya ta dushe, aji cike maƙil. Ba albashi, kuɗin acaɓa ma daga aljihunsu yake fita. A wurina, nan suke sanin halin da talaka ke ciki, fiye da duk wata lacca kan zama ɗan ƙasa nagari. Shugabannin makarantu, don Allah ku riƙe su da mutunci.