Ƙidayar Ambato da Ƙimar Malami: Sharhi a kan Ma'aunin Tasirin Bincike

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a yau kwamitocin ƙarin girma a jami'o'i sun fara tambayar malami abu biyu kafin su buɗe littafinsa: sau nawa aka ambaci ayyukansa a rubuce-rubucen wasu, kuma da su wa ya yi aikin haɗin gwiwa. Manufar wannan sharhi ita ce a auna wannan ma'auni da kansa, a ga abin da yake iya nunawa da inda ya gaza.

Asalin ma'aunin daga kimiyya ya fito. Eugene Garfield ya fara fitar da kundin ƙidayar ambato na mujallun kimiyya a Amurka a 1964. A 2004 aka buɗe Scopus da Google Scholar. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziks, Jorge Hirsch, ya kawo abin da ake kira ma'aunin h. Ma'anarsa a taƙaice: idan malami yana da maƙalu 10 da aka ambaci kowace aƙalla sau 10, to lambarsa 10 ce.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa wannan tunani ba baƙo ba ne ga ɗalibin hadisi. Duk wanda ya buɗe Tahzibul Kamal na Al-Mizzi, wanda ya rasu a 742 bayan Hijira, zai tarar da kowane mai ruwaya tare da jerin malamansa da jerin waɗanda suka ɗauka daga gare shi. A ƙasarmu ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh don ya lissafa shehunnan da ya yi karatu wurinsu. Ashe bin diddigin wa ya karɓa daga wa tsohon al'amari ne a wurinmu.

Sai dai malaman hadisi sun san iyakar ƙidaya. Sun ce mutumin da ɗalibi ɗaya kaɗai ya ruwaito daga gare shi, kuma ba wanda ya wassaƙa shi, majhuli ne. Idan sanannu biyu suka ruwaito daga gare shi an san shi, amma wannan bai tabbatar masa da adalci ba, kamar yadda Khaɗibul Bagadadi ya bayyana a Al-Kifaya. Jabirul Ju'ufi ya isa misali: manya irin su Shu'uba da Sauri sun ruwaito daga gare shi, duk da haka jamhurin masu suka suka raunana shi. Adadi yana tabbatar da shahara ne kawai. Adalci da kiyayewa kuwa sai masanin da ya zauna ya gwada ruwayar mutum da ta amintattu.

A nan ne aibin farko na ma'aunin zamani ya fito. Na'ura ba ta rarrabe ambaton yabo da na raddi. Jahamu ɗan Safwan ya cika littattafan aƙida, amma don a rushe maganarsa ake kawo shi. Da za a ƙidaya masa ambato da ya zarce salihan malamai da yawa.

Aibi na biyu shi ne ma'aunin yana fifita yawa a kan zurfi. Sibawaihi littafi ɗaya aka san shi da shi, wato Al-Kitab, kuma nahawun Larabci har yau a kansa yake tsaye. A lissafin Hirsch lambarsa ba za ta wuce 1 ba, alhali wanda ya yanka bincike guda ya mayar da shi maƙalu biyar zai sha gabansa.

Na uku ya shafi haɗin gwiwa. A 2015 an buga wata maƙala ta fiziks mai marubuta fiye da 5,000, domin aikin nasu yana buƙatar tarin mutane da injuna. Mai tahaƙiƙin rubutun hannu kuwa yakan shafe shekaru shi kaɗai yana gwama kwafi da kwafi. Auna su da mudu ɗaya zalunci ne. Kuma idan aka mayar da yawan abokan rubutu abin lada, sai a buɗe ƙofar “sa ni in sa ka”, a rubuta sunan wanda bai ko karanta aikin ba. Wannan ɗan'uwan da'awar jin abin da ba a ji ba ne, kuma mun san hukuncin malamai a kan mai yin haka.

Na huɗu shi ne ya fi shafar mai karanta wannan mujalla. Manyan kundayen ƙidaya sun fi tattara mujallun Ingilishi. Abin da aka rubuta da Hausa ko Ajami, da mafi yawan na Larabci, ba ya shiga lissafinsu. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta ilmantar da mata a ƙauyuka ta hannun jajis da ’yan taru, kuma waƙoƙinta sun yi yawo a baka. Wane kundi ne zai kama irin wannan tasiri? Matashin malamin da ya ga ba a ƙidaya masa rubutun Hausa zai bar shi, al'ummar da ta fi buƙatar iliminsa ita ce za ta yi asara.

Su kansu masana kimiyya sun farga. Sanarwar San Francisco ta 2012 da Bayanin Leiden na 2015 duk sun yi kira da a sa lamba ta zama mai taimakon hukuncin masana, kada ta maye gurbinsa.

Don haka ba mu ce a zubar da ƙidaya ba. Tana da amfani wajen gano aikin da ya yaɗu da kuma toshe son kai a cikin kwamiti. Abin da muke nema daga jami'o'in Musulunci shi ne su nemi malami ya gabatar da ayyukansa uku ko huɗu mafiya ƙarfi, masana fannin su karanta su da idon basira, a lissafa tahaƙiƙi da tarjama da rubutun Hausa da ɗaliban da ya yaye, kuma a bukaci kowane abokin rubutu ya bayyana gudummawarsa. Jarhi da ta'adili aikin mai karatu ne, ba a wakilta shi ga na'ura.

Allah ne mafi sani.