Masu Sassaƙa Mota da Yumɓu

Tun 2010 kamfanin General Motors na Amurka ya rufe sashensa na motocin Pontiac, amma masu son motoci ba su daina maganar Banshee ta Pontiac ba. Motar gwaji ce mai kujeru biyu da aka ƙera a 1964, lokacin da John DeLorean yake babban injiniyan Pontiac. Irin waɗannan motoci ɗaya ko biyu kawai ake yi, don a ga yadda sabon fasali zai zauna a kan taya. Kuma kafin a taɓa ƙarfe, da yumɓu ake fara gina su, al'adar da Harley Earl ya kafa a kamfanin bayan ya karɓi sashen zane a 1927.

Yumɓun nan ba na bakin rafi ba ne. Haɗi ne na kaki da mai, a da har da farar wuta, shi ya sa ba ya bushewa, ba ya tsagewa. A tanda ake ɗumama shi zuwa wajen digiri 60 har ya yi laushi. Sai a kafa ƙwarangwal na katako, ɗan ƙasa da girman motar, a ɗora shi a kan tayoyi na gaske. Maginin yakan ɗebo yumɓun da zafinsa, ya riƙa danna shi da babban yatsa da tafin hannu, kaɗan-kaɗan. Wanda ya yi gaggawa ya lafta shi da yawa zai bar iska a ciki, gobe ya tarar da rami daidai inda ake son santsi.

In ya huce ya yi tauri, sai kankara. Ana farawa da makankari mai haƙora, ana jan sa a gicciye, sau ɗaya ta nan, sau ɗaya ta can, don ya cinye tudu ba tare da ya haƙa kwari ba. Daga nan sai siraran fallayen ƙarfe masu lanƙwasuwa, waɗanda ake tanƙwarawa tsakanin yatsu su bi siffar jikin, suna fitar da ɓawo siriri kamar takarda. Da baƙin tef ake shata layin ƙofa da na bonet. A manna, a ja da baya a duba, a ɓare, a sake mannawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masu sassaƙar suke karanta haske. Akan jiƙa wata leda mai sheƙi, a shimfiɗa ta a kan yumɓun ya koma tamkar fentin mota, sannan a kunna dogayen fitilu a sama. Idan layin hasken ya gudana daga hanci zuwa but bai karye ba, jikin ya yi daidai. Idan ya karkace, akwai tudun da bai kai kaurin farce ba, kuma dole a nemo shi. Malalaci zai ce wa zai lura? Gwani kan rufe ido, ya bi wurin da tafin hannu, kamar yadda ƙwararren mai gyaran bodi yake shafa ƙofa kafin fenti. In an gama gefe ɗaya, sai a auna shi ɗigo-ɗigo a mayar a ɗaya gefen, a kwafi siffar da filasta, a zuba jiki na zaren gilashi.

Banshee biyu aka yi masu tafiya, ɗaya mai rufi, ɗaya buɗaɗɗiya. Manyan kamfanin suka hana a kai ta kasuwa, don gudun kada ta ci cinikin Corvette, 'yar gidansu. Sai dai aikin hannun bai tafi a banza ba. Siraran fitilunta na baya sun bayyana a Firebird ta 1967, kuma duk wanda ya dubi dogon hancinta da matsattsen ƙugunta, ya dubi Corvette ta 1968 da Opel GT ta Jamus, zai ga dangantaka. A yau injin da kwamfuta ke sarrafawa ne yake yin yankan farko, amma manyan kamfanonin mota har yanzu suna biyan mutane albashi don su ƙarasa sauran da makankari.