Littafi a kan Fanisau: Gidan Sarki da Gandunsa

Kwanan baya wani malamin makaranta, abokina, ya kawo mini takardun da yaransa suka rubuta bayan ya kai su ziyara Fanisau, ya ce in duba masa. Na zauna na karance su sarai. Hausar ba laifi, hannun ma da kyau. Kowa ya ce sun ga gidan sarki, sun ga zaure da katanga, an kuma gaya musu nan ne Sarkin Kano ya kan nufa da dawaki a Hawan Fanisau na bikin Salla. Amma ko yaro ɗaya bai ambaci gonakin da motarsu ta ratsa kafin su isa ƙofar gidan ba, sai ka ce a sama suka bi. Ban ga laifinsu ba, gama manya ma haka su ke yi, har da masu rubuta littattafai. Shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labarin wani littafi wanda ya juya wa ƙofar baya ya dubi gonar, in faɗi inda ya gamsar da ni da inda bai gamsar ba.

Sai mu fara da wurin kansa. Fanisau tana cikin ƙasar Ungogo, 'yan mil kaɗan arewa da birnin Kano. Sa'ad da Ibrahim Dabo ya hau gadon sarauta cikin 1819, ƙasa ta yamutse masa, garuruwa da yawa suka ƙi bi. Mafi tsanani cikin abokan gabansa shi ne Ɗan Tunku na Dambatta, wanda zuriyarsa ce ta riƙe sarautar Kazaure daga baya. Tun da ya ke daga arewa barazanar ta ke, sai Dabo ya mai da Fanisau ribaɗi, watau garin tsaro mai ganuwa inda mayaƙa su ke zaune da shiri, ya kuma yi gida a ciki. Ashe ke nan ba don shan iska aka fara gidan ba. Hutu ya zo ne bayan da ƙura ta lafa.

A Ingila ma akwai irin wannan. Can manyan masu sarauta da attajirai suna da gidaje a karkara, waɗansu tsofaffin kagarai ne na yaƙi, waɗansu kuwa don alfarma kaɗai aka gina su. Kowane gida an kewaye shi da fili mai faɗi, an haƙa tafki, an shuka itatuwa rukuni rukuni, an bar ciyawa shar, duk don mai gida ya leƙa taga ransa ya yi fari. Waɗansu har ƙauye su kan tasa ɗungum in ya tare musu gani. Yanzu jama'a su kan biya kuɗi su shiga kallo. Ɗaya daga cikinsu shi ne gidan Harewood a lardin Yorkshire, wanda Edwin Lascelles ya gina tsakanin 1759 da 1771, gwanin tsara filaye Lancelot Brown ya shirya masa kewayensa. Dukiyar da aka yi aikin da ita kuwa daga gonakin rake na tsibiran Karibiyan ta fito, inda bayi 'yan Afirka su ke noma. An daɗe masu ziyara suna yaba tafki da itatuwa ba mai tambayar wannan. Sai cikin 2020 ƙungiyar National Trust, mai kula da irin waɗannan gidaje, ta fitar da rahoto ta lissafta wurare 93 daga cikin nata waɗanda tarihinsu ya haɗu da cinikin bayi ko mulkin mallaka, aka kuwa yi ta cacar baki a kai.

Ga bambancin, ku riƙe shi. Baturen ya ɓoye gonarsa a ƙetaren teku, ya bar wa ido ciyawa. Mu tamu gonar a bakin ƙofa ta ke. Abin da ya kewaye gidan sarki na Fanisau gandu ne, ana noma shi ana ci.

Littattafan da muka saba da su ba su kula da wannan ba. Tarihin sarakunan Kano, wanda aka buga da Hausa a Zariya cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, idonsa na kan sarki: wane gari ya ci, shekara nawa ya yi. Daga nan ne mu ke gane dalilin kirarin Dabo Cigari. Baturen nan Clapperton kuma, wanda ya iso Kano cikin watan Janairu na 1824 ya tarar sarki na fama da Ɗan Tunku, ido ne da shi mai kaifi, amma idon baƙo ne mai wucewa. Ya ga kasuwa, ya ga mahaya, ya ga bayi ma ya ambace su, sa'an nan ya ɗaura sirdi ya nufi Sakkwato. Ba a tambayar baƙon kwana kaɗan yadda a ke raba aiki a gona.

Littafin da na ke nufi sunansa The West African Slave Plantation, ma'ana gandun bayi a Afirka ta Yamma. Malamin tarihi Mohammed Bashir Salau ya rubuta shi, kamfanin Palgrave Macmillan ya buga cikin 2011. Ko da ya ke sunan ya ɗauko Afirka ta Yamma duka, a kan Fanisau ya tsaya, wannan kuwa shi ne ƙarfinsa na fari. Wanda ya ce zai ba da labarin bauta a duniya duka, ƙarshenta ba ka ganin fuskar kowa. Shi ya ɗauki gari guda ya bi diddiginsa, tun daga zamanin ribaɗi har zamanin gyaɗa.

Abin da ya nuna a taƙaice ke nan. Ribaɗi ba ya zama sai da abinci, mayaƙa da dawaki ba sa cin ganuwa. Saboda haka aka zaunar da kamammun yaƙi a kewayen garin su yi noma, gandaye suka bunƙasa, na sarki da na manyan mutane. Abin da zai ba ku mamaki, masu kula da gandun sarki su ma bayi ne, amma bayi masu sarauta da doki da alkyabba, irin su Shamaki, sa'an nan a ƙarƙashinsu akwai masu tsayawa a kan ma'aikata a cikin gona. Bawan gandu ya kan yi wa ubangijinsa aiki da safe, in an tashi ya je ya taɓa 'yar gayaunarsa. Wani ya kan yi murgu, watau ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu don a bar shi ya yi sana'ar kansa, wani ya tara ya fanshi kansa, wani kuwa ya gudu.

Inda littafin ya fi burge ni shi ne zancen gyaɗa. An saba koya mana cewa da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, aka shiga sayen gyaɗa gadan gadan cikin 1912, talakawa manoma ne suka ga riba suka duƙufa. Salau bai ƙaryata wannan ba, amma ya ce ba shi ke nan ba. Turawa sun ci Kano cikin 1903, sun hana kamun bayi da sayar da su, dokarsu kuma ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne. Amma ba su saki waɗanda su ke hannu ba, sai cikin 1936 aka soke bauta gaba ɗaya. Cikin waɗannan shekaru gandaye ba su watse ba, kuma wani kaso na gyaɗar da ta tafi Ikko a jirgi hannun bayi ne ya noma ta. Yaron da ya karanta wannan ba zai ƙara duban hoton dalar gyaɗa kamar da ba.

To, ga inda na ke da magana. Na farko, kalmar nan ta Turanci da ya sa wa littafin suna. In Bature ya ji ta, abin da ya ke zuwa masa a rai gonar auduga ce ta Amurka ko ta rake ta Barbados, amfani guda, don kasuwar ƙetare. Marubucin da gangan ya zaɓe ta, yana so a jera namu da nasu a auna, kada mu fake da cewa tamu bautar mai sauƙi ce. Niyyar ta yi kyau, na kuma yarda bulala bulala ce ko a ina. Amma a Hausa gandu suna ne na gonar sarki, suna ne kuma na gonar da uba da 'ya'yansa su ke nomawa tare su ci daga rumbu ɗaya. Yadda kalma guda ta ɗauki ɗa da bawa, nan ne dabarar masu mulki ta ke, nan ne kuma zafin abin ya ke, gama a kan kira mutum ɗan gida alhali ba ya gadon komai. Turanci ba ya iya riƙe wannan da kalma ɗaya.

Na biyu, shaidunsa. Ya dogara ƙwarai ga hirarrakin da Yusufu Yunusa ya ɗauka da dattawa cikin 1975, taska ce kuwa wadda ba ta da na biyu. Sai dai ku yi lissafi da kanku. Dabo ya rasu cikin 1846, tsakani shekara 129 ke nan. Abin da tsoho ya faɗa game da zamanin gyaɗa ya gani da idonsa, abin da ya faɗa game da zamanin Dabo kuwa ji ya yi daga wanda shi ma ya ji. Mai karatu ya riƙa rarrabe biyun nan, ya kuma tuna cewa mai magana a inuwar gidan sarki ya kan auna bakinsa.

Na uku ya fi damuna, ko da ya ke ba laifin malamin ba ne shi kaɗai. Dattawan nan da Hausa suka yi magana. An juya maganarsu zuwa Turanci, an buga a ƙasar waje, an sa mata kuɗin da ɗan makaranta ba ya iya biya. Jikokinsu suna nan Fanisau, yawancinsu ba su san an yi littafin ba. Kada wani ya ce Hausa ba ta iya ɗaukar zance mai nauyi irin wannan, ai tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace aka bi da shi hamada, ku kuwa kuna karanta shi a aji.

In an sake kai ku ziyara, ku roƙi malam a tsai da mota tun kafin gari. Birni ya riga ya cinye gonaki da yawa na ƙasar Ungogo, amma da saura. Wannan yanki na kewayen Kano ya shahara har ga masana na ƙetare, irin su Michael Mortimore da ya yi bincike a nan tun shekarun 1960, domin ana noma gona kowace shekara ba hutu, ba ta kuwa mutu ba. Asirin taki ne, wanda a da jakai su ke ɗaukowa daga birni in sun kai itace, da kuma itatuwan da manoma su ke bari a tsakiyar gona: ɗorawa don kalwa, kuka don miya, tsamiya don kunu, da gawo mai zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani dabbobi su taru a inuwarsa su bar taki. Babu wani gwani guda da ya zana wannan fili a takarda kamar na Harewood.

Abu ɗaya na ke roƙonku. Kada karatun nan ya sa yaro ya tare dattijo ya tambaye shi ko kakansa bawa ne. Mutanen gari sun san junansu, ba kuwa don tonon asiri aka kai ku ba. Ku gaida shi da ladabi, ku ce, "Baba, ina iyakar gandun sarki ta ke a da? Me a ke shukawa? Ina rumbunan su ke?" In ya ga dama ya ƙara muku, sai ku rubuta da Hausar da ya faɗa, ku sa ranar da kuka ji, ku ba malaminku ya adana.