Hannun Garkuwa

Tun ina yaro, idan kaka ta yi, aka girbe gero da dawa, kalangu ya ɗauki kuka a ƙauyukan da ke tsakanin Gwarzo da Kabo, ban taɓa ganin ɗan damben da ya damu da hannunsa na biyu ba. Domin a al'adarmu hannu ɗaya ake naɗe wa tsumma da zare, shi ne mai kisa, ɗayan kuwa garkuwa ce da ake miƙawa gaba a auna abokin karawa. Da wannan hannu ɗaya Shago ya yi sunan da mawaƙi Ɗan Anace ya wanzar.

Yanzu samarinmu, da suka ga damben Turawa a waya, suka ji irin dukiyar da ke cikinsa, sai na ji suna cewa wanda ya yi kisa a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano, safar hannu kawai ta rage masa. Alal haƙiƙa ba na ƙin burinsu, amma ina tsoron gaggawarsu, saboda a can hannun da muka mayar garkuwa shi ne ke yin mafi yawan aiki, ba a shuri, sai an hau sikeli kafin a haɗa mutum da tsaransa, kuma maimakon turmi 3 da muka saba, manyan karawa kan kai turmi 12, kowane na minti 3, abin da ke cinye numfashin wanda bai horu ba.

Alal misali, Aleksanda Pobetkin na Rasha, wanda ya fara yin suna a damben da ake haɗa naushi da shuri, bai tsallake almajirci ba: ya daɗe yana damben da ba na kuɗi ba har ya ci zinare a wasannin Olamfik na 2004, sa'an nan ya mai da shi sana'a a 2005; duk da haka Anthony Joshua ya gama da shi a turmi na 7 a Landan, a 2018.

Saboda haka, iyayen gidan 'yan dambe, idan yaro ya zo muku da wannan niyya, kada ku hana shi, kada kuma ku miƙa shi ga dillali. Ku nema masa malami, ya shekara yana koya wa hannun garkuwa duka.