Iya Ruwa: Yadda Ake Rainon Gwanar Iyo a Mahuta

Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san kashedin da iyaye ke yi wa yara da zarar damina ta kankama: kada a kuskura a je bakin kogi. Kashedi ne mai dalili, don kogin Kaduna in ya cika ba ya sanin ɗan kowa. Sai dai tsoron nan ya bar mu da manya birjik, a garin da kogi ya ratsa tsakiyarsa, waɗanda ba su iya iyo ba, ba su ma ɗauke shi ilimi ba. Shi ya sa nake jinjina wa wani gida da na sani a Mahuta, can kudancin kogi wajen matatar mai, inda ake rainon yarinya mai shiga gasar iyo, tare da wani ƙanenta mai abin al'ajabi da ko ƙafarsa ba ya yarda ya tsoma a ruwa.

Mai kallo daga bakin kwami zai zaci ƙarfin damtse ne ke tafiyar da mai iyo. Ruwa kuwa ya fi iska kauri kusan sau 800, don haka wanda ya shige shi da kokawa shi ne zai fara gajiya. Abu na farko da koci ke koya wa yaro shi ne kwanciya. A saki jiki, a sunkuyar da kai har ido ya kalli ƙasan kwami, sai ƙugu da ƙafafu su taso sama da kansu. Da yaro ya ɗaga kai don tsoro, ƙafafunsa za su nutse, ya koma jan jikinsa cikin ruwa kamar mai jan buhun gero a yashi.

Daga nan sai numfashi, kuma a nan ne gwaninta take. Mu da ba mu iya ba, riƙe numfashi muke yi sai mun ɗago, sannan mu yi ƙoƙarin fitar da tsohuwar iska mu shaƙi sabuwa a lokaci guda, mu ƙare da kwankwaɗar ruwa. Gwanar iyo tana fesar da iskarta ta hanci da baki tun fuskarta na cikin ruwa. Idan lokacin shaƙa ya yi, ba ta ɗaga kai. Jikinta gaba ɗaya take mirginawa gefe, kanta ya bi shi, bakinta ya faɗa cikin ɗan kwarin da kanta ke buɗewa a ruwa yayin da take tafiya. Ido ɗaya na ciki, ɗaya na waje, ta zuƙi iska ta koma. Yaro kan yi watanni kafin wannan ya zauna masa, amma ranar da ya zauna, za ka ga tafiyarsa ta yi laushi, fantsamar ruwan ma ta ragu.

Hannu shi ma da nasa karatun. Ba tafi kaɗai ke kama ruwa ba, har da sangalin hannu zuwa gwiwa, kuma ana so gwiwar hannun ta tsaya sama yayin da ake tura ruwan baya. Bugun ƙafa daga cinya yake tasowa. Salon gasa huɗu ne: na rub-da-ciki mai hannu bi-da-bi, wanda ya fi kowanne sauri, da na rigingine, da na kwaɗo, sai na malam-buɗe-littafi mai cin ƙarfi. Kowanne da dokarsa. A na kwaɗo da na malam-buɗe-littafi dole a taɓa bango da hannu biyu tare, in ba haka ba alƙali ya soke tseren komai saurin mutum.

A nan ƙanen nata ya shigo labarin. Yaron nan yana zuwa da murafan lemo cike da aljihu, ya zauna nesa da ruwa ya jera su a ƙasa, duk tsawon kwami ɗaya da ta gama ya ture murfi ɗaya gefe. Ba wanda ya sa shi. Da ta fito sai ya tare ta: "Yaya, a na ƙarshen nan kin ƙara hannu biyu." Mahaifiyarsu ta ɗauka shirme ne irin nasa, ashe abin da masu horarwa ke yi ke nan. Yawan jan hannu a tsawon kwami shi ke nuna ko mai iyo na riƙe da ruwa ko ya fara zame masa. In adadin ya ƙaru alhali lokaci bai ragu ba, gajiya ta shigo.

Irin wannan ƙididdiga ba wasa ba ce, domin a iyo daƙiƙa ɗaya ana raba ta gida ɗari. A gasar Olamfik ta 1988, Anthony Nesty na ƙasar Suriname ya doke Matt Biondi na Amurka a mita 100 na malam-buɗe-littafi da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Da irin wannan tazarar Michael Phelps ya ci wannan tseren a Beijin a 2008. Labarin da na fi so shi ne na Ahmed Hafnaoui ɗan Tunisiya, wanda ya shiga zagayen ƙarshe na mita 400 a Tokiyo a 2021 yana ɗan shekara 18, a layi na takwas da ake bai wa wanda ya fi kowa jinkiri cikin waɗanda suka tsallake zagayen share fage, ya kuma ɗauke zinaren.

Sauran aikin a gida ake yin sa. Kwamin gasa tsawonsa mita 50 ne ko 25, yawancin na otal-otal kuwa ba su kai haka ba, kuma sai an biya. Ga kuɗin Keke zuwa da dawowa, ga tabarau da hular roba, ga neman kayan iyo masu rufe jiki da za su kwantar wa iyaye hankali ba tare da sun riƙe yarinya a ruwa ba. Mai iyo ba ta ƙoshi, tana dawowa tukunya take nufa. Lokacin hunturu kuma ruwan safe sai mai zuciya. Uwa ce ke haɗa duk wannan da makaranta da Islamiyya, uba kuma shi ke amsa tambayar dangi: "Wai me za ta samu a ruwa?"

Masu wannan tambaya sun manta iyo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, yana da wasannin kabanci: tseren iyo da na kwalekwale, nutso, kamun kifi da hannu da kamun agwagwar ruwa. Kabawa sun daɗe da sanin cewa iya ruwa fid da kai. Kaduna kanta ta karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa a 1977 da 2009. Abin da ya rage mana shi ne mu kai yaran.

Iyaye, ku nemi wurin da ke da koci da mai ceto a tsaye a bakin ruwa, ku tambaya kafin ku biya. Kada a koya wa yaro iyo ta hanyar jefa shi kogi ko kududdufi. Ƙaramin da ya rako kuma, ko da ya rantse ba zai shiga ba, kada a ɗauke ido daga kansa.