Ƙura Ido da Kunya: Tsokaci a Kan Littafin The Skilled Helper

Duk ɗalibin da ya shiga digirin farko a fannin jagoranci da ba da shawara, ko a nan Maleshiya ko a gida Nijeriya, da wuya ya gama karatunsa bai ci karo da littafin nan na Gerard Egan ba, wato The Skilled Helper. Egan ya koyar a Jami'ar Loyola ta birnin Chicago a Amurka. Littafin ya fara fitowa a 1975, kuma an sake gyara shi an buga fiye da sau goma. Na yi zango biyu ina fama da shi a ɗakina a Danau Kota, shi ya sa na ga ya kamata in faɗa wa 'yan uwa inda ya amfane ni da kuma inda ya kusa kai ni ya baro.

A taƙaice, Egan ya kasa aikin mai taimako gida uku. Da farko a taimaki mai matsala ya faɗi halin da yake ciki, sannan ya gano halin da yake son komawa, daga nan sai a shata hanyar da za ta kai shi. Tushen wannan tsari yana wurin Carl Rogers, wanda a 1957 ya jaddada cewa mai taimako ya zama mai gaskiya, ya karɓi mutum yadda yake ba tare da yanke masa hukunci ba, kuma ya yi ƙoƙarin jin abin da mutumin yake ji.

Bari in fara da yabo, domin yabon gwani ya zama dole. Babbar kyautar wannan littafi ita ce koyar da sauraro, kuma mu Hausawa muna buƙatar wannan darasi fiye da yadda muke zato. Mai karatu, ka tuna ranar ƙarshe da ka kai kukanka wurin wani babba. Kafin ka kai rabin zance ya tare ka da "sai haƙuri", ya kawo maka labarin wanda ya fi ka shan wahala, ya rufe da addu'a. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma ka tashi da kayanka a ka. Ko sunan da muka raɗa wa fannin ya tona mu: ba da shawara. Egan kuwa yana son ka jinkirta shawarar, ka maimaita wa mutum abin da ka ji daga bakinsa, ka jure shirunsa, har shi da kansa ya hango bakin zaren. A nan ban ga abin kushewa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen zaman da littafin ya koyar. Akwai ƙa'idoji biyar da ɗalibai ke haddacewa da sunan SOLER: ka fuskanci mutum sosai, kada ka harɗe hannu ko ƙafa, ka ɗan karkato zuwa gare shi, ka haɗa ido da shi, ka saki jikinka. A aji na gwada su da abokan karatu, malama ta yaba.

Sai ga wani ƙanenmu, ɗan shekarar farko, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa wani dare bayan isha'i. Tun da darajar naira ta zube a 2023, kuɗin da ake turo wa da yawa daga cikinmu ya daina kai wata, kuma na lura yaron ya rame, ya daina fitowa jam'i. Na ce yau ga ranar ilimi. Na jawo kujera na dasa a gabansa, na karkato, na ƙura masa ido. Yaro ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. Can ya ce, "Yaya, wani laifin na yi ne?" Na ce a'a. Ya ce dama gaisuwa ya zo yi, ya miƙe.

Bayan kwana uku na ja shi kasuwar dare ta Uptown da sunan zai taya ni zaɓen takalmi. Muka zauna a shagon mamak muna shan teh tarik, kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallon titi. A nan, ba tare da na tambaye shi ba, ya fara da cewa, "Yaya, akwai wani abokina da ya faɗi kwas biyu, kuma babansa gona ya sayar ya turo shi." Na san wane ne abokin, shi ma ya san na sani. Muka yi sa'a biyu muna maganar abokin nan, ban ko juyo na dube shi ba.

Daren nan ya nuna mini giɓi uku a littafin. Na farko, a wurinmu ƙarami ba ya haɗa ido da babba, mace ba ta ƙura wa namijin da ba nata ba ido. Sunkuyar da kai ladabi ne, alhali ɗalibin da ya haddace littafi zai iya rubuta shi a matsayin ɓoye-ɓoye. Na biyu, littafin ya ginu a kan mutum guda mai tambayar kansa me yake so. Yaron nan kuwa ba shi kaɗai ya zauna a kan bencin ba. Akwai uban da ya sayar da gona, da uwa, da ƙannen da ke jiran ya dawo ya ɗauki nauyinsu. Burin da aka tsara ba tare da su ba, gini ne a kan toka. Na uku, harshen damuwa. Bahaushe ba kasafai yake cewa yana cikin baƙin ciki ba. Zai ce barci ya ƙaurace masa, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko tunani ya yi masa yawa, ko kuma ya ari bakin wani aboki. An raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Don adalci, Egan ya yi gargaɗi cewa a daidaita waɗannan ƙa'idoji da al'adar mutane. Amma gargaɗi daban, koyarwa daban. Bai gaya mini yadda zan zauna da dattijon Katsina ko amaryar da aka kawo daga ƙauye ba, kuma ba shi ne zai gaya mini ba.

Wannan ya kai ni ga Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa ta Maleshiya, ya kuma rasu a Kuala Lumpur a 2021. A littafinsa na 1979, The Dilemma of Muslim Psychologists, ya soki masanan Musulmi da ke haɗiye ra'ayoyin Turawa, musamman na Freud, ba tare da taunawa ba. Shi ne kuma ya fassara sashen da ya shafi lafiyar zuciya na littafin Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, wanda tun a wancan zamani ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke saukar wa mutum haka kawai.

Sai dai a nan ma ina da ƙorafi, amma a kanmu ne, ba a kan Badri ba. Wasunmu sun mayar da sunansa garkuwar lalaci. Da an ce su koyi sauraro sai su ce ai ilimin Nasara ne, su koma ga wa'azin da suka saba, su liƙa masa sabon suna. Alhali Badri kansa a Ingila ya samu horon jinyar halayya, kuma ya yi aiki da ita a asibiti. Tankaɗe ya ce a yi, bai ce a zubar da gari ba.

Muna da wanda ya riga ya nuna hanyar a gida. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauye a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna karɓar maganin asibiti, har ma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Ilimin daga Ingila ya ɗauko shi, amma ya yanka masa riga daidai jikin mutanensa.

Maganar ba ta wasa ba ce, domin fannin yana zama sana'a mai lasisi. Maleshiya ta yi dokar masu ba da shawara tun 1998, wadda ta wajabta rajista da hukuma kafin mutum ya yi aikin. Nijeriya kuwa, duk da cewa ƙungiyar CASSON ta kafu tun 1976, sai a 2022 aka sa hannu a kan dokar kafa majalisar da za ta kula da sana'ar. Ke nan mu da ke karatu yanzu, mu ne za a ajiye a ofisoshin makarantun sakandare na Kano da Sakkwato da Zariya. Idan muka koma da kujera biyu masu fuskantar juna da ƙurin ido, ofis zai zama kango, yara su ci gaba da haɗiye abin da ke cin su, iyaye kuma su ce dama sun faɗa.

Hukuncina dai shi ne, a karanta littafin Egan, a karanta shi da kyau, domin kunnen da yake koyarwa babu kamarsa. Amma duk wanda zai je aikin gwaji ya riƙe ɗan littafin rubutu, ya riƙa tara kalmomin da mutanenmu ke bayyana damuwa da su, da irin zaman da ke buɗe musu baki, da dangin da ya kamata a shigo da su da waɗanda bai kamata ba, tare da kiyaye sirrin kowa. Daga irin wannan tarin ne wata rana za a samu littafin koyarwa da Hausa.

Shi kuwa abokin nan na ƙanenmu, ya buga wa mahaifinsa waya, ya maimaita kwasa-kwasansa. Har yau idan muka haɗu sai in tambaye shi lafiyar abokin, shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Yana gaishe ka, Yaya."

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.