Sunan Kifi a Cikin Tsokarsa

Da yamma a Ƙofar Wambai, in mai tuya ta ɗora kasko, ƙamshin kifi kan riga ka isa lungu. Tarwaɗa da karfasa mun san su, don ana kamo su a ruwanmu, har a madatsar Gubi. Amma kifin ƙanƙara da ake saukewa daga manyan motoci a kasuwar Muda Lawal daga teku yake zuwa, ta Legas. Wani an cire kai, wani an yanka gunduwa-gunduwa, wani an banda shi har ya yi baƙi. Masunci kan gane kifi ta baki da ƙaya da launin ɓawo. To, in duk waɗannan sun tafi fa?

A nan ne gwanintar masu binciken ƙwayoyin halitta take burge ni. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar cewa ɗan guntun gado ɗaya, mai suna COI, ya isa a bambance nau'in dabba da ɗan'uwansa. Tsawonsa haruffa kusan 650 ne, daga haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Mai bincike zai yanki tsoka da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, ya narkar da ita ya tace sinadarin gadon, wato DNA, ya sa na'ura ta ninka guntun sau miliyoyi, sannan a karanta jerin haruffan. Kifaye 'yan nau'i ɗaya kusan jerinsu ɗaya ne, bambancin bai cika kai ɗaya cikin ɗari ba. Da an tsallaka wani nau'in, sai tazarar ta buɗe.

A tekun ƙasashe masu zafi abin ya fi amfani, domin nau'o'i sun yi yawa, kuma da dama kamar an tsaga kara. Shawa da bonga in an busar da su, sai gwani. Ƙwai da 'ya'yan kifi kuwa, da ko kama da iyayensu ba su yi, yanzu ana iya kiran sunansu, a gane inda kifi yake hayayyafa don a daina jefa koma a wurin lokacin da bai dace ba. Hanyar ta kuma tona asirin 'yan kasuwa: binciken ƙungiyar Oceana na 2013 a Amurka ya gano kashi 33 cikin ɗari na samfura 1,215 an sayar da su da sunan da ba nasu ba.

Wanda na fi jinjina wa shi ne mutumin da ba a ganinsa. Kwamfuta tana kwatanta jerin ne da na rumbun bayanai mai suna BOLD, inda ake tara jerin nau'o'in da aka sani, kuma jerin kifin da ake dogara da shi a can sai da wani masani ya riƙe kifin gaba ɗaya, ya ƙirga ƙayoyin bayansa ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye shi cikin kwalba da lamba. In ya yi kuskuren suna, duk wanda ya zo bayansa zai gaji kuskuren.